Furar da na jefa a gulbi

Tun asubar fari muka bar Gwandu ranar Litinin, ni da abokin tafiyata da akwatin magani guda. 'Yan'uwa da kuke ta tambayata yadda hanya ta kasance, ga labarin, har da wurin da ba ya yi mini daɗin faɗa.

Ku fara jin dalilin tafiyar. Shekara bakwai ina roƙon dattawan ikilisiya su tura ni wani ƙauye a ƙetaren gulbi, wajen Diggi, in riƙa ba kutare sabuwar ƙwayar nan, ina wanke gyambo, ina karanta Maganar Allah ga mai son ji. Da lokaci ya yi sai suka zaɓi wani. Wa? Tsohon masunci, wanda ni na koya wa karatu shekara uku da suka wuce, wanda har yau sai ya ɗora yatsa a kan layi. Ni kuwa aka ce in raka shi, in ga zamansa da mutane, in dawo in faɗa ko ya dace. Wato wurin yana bakina. Na ce to, amma Allah ya sani kishi ne fal cikina.

Mun samu babbar mota mai lodin albasa zuwa Birnin Kebbi, sule da sisi kowane mutum, akwati taro, wato kwabo uku. Damina ta cinye hanyar Ambursa, sau biyu muka kafe. Ni na koma gefe ina lallaɓa farar rigata, shi kuwa ya tuɓe tasa ya faɗa taɓo yana tura motar, direba sai sa masa albarka yake yi. A nan na hangi wata 'yar jakar fata rataye a wuyansa. Laya! Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina madalla, mai bishara da laya, magana ta ƙare. Ban tambaye shi ba, don ba na son ya ɓata mini murna.

A Birni muka ci waina mai zafi ta kwabo biyu, muka yi hayar jaki don akwatin, muka kama hanyar Kalgo a ƙasa. Shinkafa ta yi kai a fadama, tsuntsaye sun addabi masu gona. Duk wanda muka gamu da shi sai mutumin nan ya tsaya, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwan bana. Wata Bafulatana ta ba shi nono kyauta. Ni da na matso da farar riga da alƙalami a aljihu, mijinta ya zaci malamin jangali ne, ya kaɗa shanunsa ya yi daji. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Mun kwana Kalgo, da safe muka nufi mashigar gulbi. Gulbi ya cika ya batse, ƙetare sai ka ƙura ido. To, a nan ne abin yake. A gidanmu namiji ba ya haye gulbi sai ya jefa wa masu ruwa, wato iskokin gulbi, dunƙulen fura. Haka kakana ya yi, haka babana ya yi, uwata kuwa ta sa ni alkawari tun ina yaro. Shekara goma sha biyu ina bin Almasihu, na yi wa'azi a kan irin wannan ya fi a ƙirga, amma duk a tudu na yi shi, ban taɓa shiga jirgi ba. Da na ga ruwan, sai na nemi mai fura. Na sayi fura dunƙule biyu na ce guzuri ne.

Mai fito wani dattijo ne Musulmi. Ya yi bismilla ya tura jirgi, bai jefa komai ba. Da muka kai tsakiya igiyar ruwa ta fara wasa da mu, na saki hannuna ta gefe kamar ina taɓa ruwa, na sake ɗaya. Na sake ta biyun ma, don kada ɗaya ta yi kaɗan.

Muna sauka wani tsoho ya taro mu da gyambo a ƙwauri, ƙuda na binsa. Abokina ya durƙusa, ya jawo jakar nan ta wuyansa, ya zazzage ta a tafin hannu. Mabuɗin akwatin magani ne. Kai! Da ƙasa ta tsage da na shige.

Da rana ta take ya dama furarsa a inuwar tsamiya, ya turo mini ƙwaryar.

“Malam, taka hura ta faɗa ruwa. Mu sha wagga.”

Na ce, “Ka gani ke nan?”

“Na gani. Ni da har kaza nika jefawa. Kai ka koya min cewa wanda ya yi ruwa shi ke riƙe da shi, tun ran nan ban ƙara ba.”

Ba gori a muryarsa, shi ne ma ya fi ƙona mini rai. Maganar da na faɗa da baki, shi ya ɗauka ya shiga jirgi da ita.

Kwana uku na yi a ƙauyen. Karatunsa na nan yadda na san shi, yana yi yana tuntuɓe. Amma kutaren da ko danginsu ba sa zama kusa da su, shi yana kama hannunsu yana dubawa. Limamin garin da kansa ya aiko masa da tabarma. Na nemi laifi har na gaji, ban samu na kai wa dattawa ba.

Ranar Juma'a na juyo ni kaɗai. A bakin ruwa mai fura ta tallata mini, na tsaya na yi tunanin da ban taɓa yi ba. Ƙanen babana ya jefa fura, a gulbin nan ya nutse. Malaman Gwandu sun daɗe suna hana abin, mu ma muna hanawa. To wa nake ba abinci a ƙarƙashin ruwa? Ba don na gaskata nake yi ba, don na gada ne, ban kuma taɓa juya shi na duba ba. Na shiga jirgi hannu wofi. Kada ku zaci jarumta na yi, na rirriƙe katako ina addu'a, har mai fito ya ce, “Malam, sassauta, kar ka ɓalle min jirgi.”

Na iso Gwandu ran Asabar da la'asar, ƙafa a kumbure. Babban dattijonmu ya kira ni kafin in sha ruwa.

“Ɗana, ya dace?”

Kalma ɗaya ta isa in karɓe wurin. In ce karatunsa bai nuna ba, ba ƙarya na yi ba. Amma na ce, “Baba, ya dace. Ya fi ni.” Na kwashe zancen furar na gaya masa duka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, dogara ga Allah ba a tudu ake gane ta ba, biyayya kuma ba ta jiran sai zuciya ta so. Kishin bai tafi ba, ku sa ni a addu'a. Ranar Lahadi aka tabbatar masa da wurin a gaban jama'a, aka kuma ce ni zan rubuta masa takardar shaidar kama aiki, tunda na fi kowa kyan rubutu. Na zauna na rubuta.