Ranar da Na Share Sakamakon Ɗalibai

Ku da kuka yi aiki da Kawu Sanda kun san ba ya danna maɓallin enta na kwamfuta kamar sauran bayin Allah. Sai ya rubuta umarni, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi har sau uku. Idan ka yi dariya ya harare ka ta saman tabarau.

"Yatsa ya hi tunani sauri," in ji shi. "Shi ya sa nika ɗaure shi."

Yayan mahaifiyata ne, mutumin Gwandu. A Kaduna ya koyi aiki, zamanin da kwamfuta guda ke cika ɗaki, kuma da tsoron da ya koyo a can ya zo ya riƙe babbar na'urar makarantarmu a Kalgo, wadda ke ɗauke da sakamakon jarrabawar kowane ɗalibi. Ni ce mataimakiyarsa, da digirina sabo fil da rawar kaina. Wallahi tsoronsa nake ji, shi kuma na'urar yake tsoro.

Kun tuna bazarar da na'urar sanyaya ɗakin ta mutu? Na shiga na tarar da Kawu tsugune, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana yi wa babbar na'urar fifita da mafici biyu.

"Kawu, ai kai ne za ka suma!"

"In na suma a yayyahwa mini ruwa. Ita hwa, mi za a yayyahwa mata?"

Shugaban makaranta da kansa ya taɓa shigowa ɗakin da kofin shayi a hannu. Kawu ya tare ƙofa. "Ranka ya daɗe, ko kai ko shayin, guda za ya shiga." Shugaba ya tsaya a waje ya shanye abinsa, yana ƙona harshe.

To, ga wanda ba ku sani ba. Da aka sayo sabon faifan ajiya, aka ce a kwashe bayanan tsohon a zuba a ciki. Kawu ya yi mako biyu yana cewa gobe. Ranar wata Litinin ya wuce suna a Ceberu, ni kuwa na ce yau zan nuna wa tsohon nan aikin awa ɗaya ne. Na rubuta umarni, na danna. Sai da ya gama na buɗe sabon faifai: wayam. Na buɗe tsohon: wayam! Ashe na juya sunayen. Wofin sabon na kwafa na shimfiɗa a kan tsohon. Ajiyar ko-ta-kwana da muke da ita a ofis kuwa, da yake duk abin da babbar na'ura ta yi take kwaikwaya, ita ma ta share kanta.

Innalillahi! A makon nan za a fitar da sakamakon 'yan ajin ƙarshe, yaran da iyayensu suka sayar da shinkafa da awaki suka karantar. Na leƙa taga na ga wasu a gindin darbejiya suna ta hira da dariya, ba su san shekara huɗunsu ta tafi a yatsana ba. Aikina kam na san ya ƙare. Abin da ya fi tsorata ni shi ne a nuna gidanmu a Gwandu a ce ga gidan wadda ta yi.

Na kira Kawu a waya. Bai yi faɗa ba. "Kashe injin. Kak ki taɓa komi."

Bayan azahar ya iso, ya ce in shiga mota. Muka kama hanyar Gwandu, har muka wuce Kambaza. Ni dai na ɗauka wurin mahaifiyata zai kai ni ya karanta mata laifina. Sai ya zarce bayan gidansa, wurin rumbu, ya tattare babbar riga, ya kafa tsani ya hau, tsoho da shi. Ya fito da ƙaiƙayi har a gemu, rungume da gwangwanin madara. A ciki, naɗe da tsumma da leda, ga wani faifai.

"Na Juma'a da yamma ne. Komi na ciki."

"Kawu, a rumbu?"

"Ina anka taɓa aje abin da za a ci gobe wurin da aka dahuwa? In wuta ta kama hwa?"

"Amma ya aka yi ka san..."

"Na san ɗiyar ƙanwata. Tun kina ƙarama kike zuba miya kahin ki duba ko akwai tuwo."

Ina kuka ina dariya. Kafin magariba komai ya koma mazauninsa, ko maki ɗaya bai ɓace ba.

Washegari Shugaba ya kira mu, ransa a ɓace: wa ya kashe na'ura wuni guda ba izini? Na buɗe baki, Kawu ya take mini ƙafa.

"Tsuhwa ne, ranka ya daɗe. Ni da injin duka."

Aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko kuma ta ƙarshe a duk aikinsa. Wasunku har tsokanarsa kuka yi ta yi, wai hannun Kawu ya fara rawa. Ya yi murmushi kawai. Shekara shida ya rayu bayan nan, ko matarsa bai gaya wa ba, ni kuma tsoro ya hana ni faɗa. Yau na faɗa: ni ce.

Allah, bawanka Sanda ya rufa mini asiri ranar da ba ni da mai rufa mini. Ka rufa masa nasa, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa. Amin.