Hular Malam Dantani da Rijiyar Unguwa

Wata rana da rani, liman na sallame La'asar, wani dattijo ya miƙe a sahun gaba riƙe da hularsa.

Malam Dantani ake kiransa. A unguwar nan, duk wanda ciwo ya kayar har aka kai shi asibiti, shi ke tashi ya sanar, ya zaga da hula a tara masa.

Amma ranar ba majinyaci ya kawo ba.

Ya ce bakin rijiyar unguwa ya zube, kwatar da ke gefenta kuma ta toshe. In damina ta sauka a haka, ruwan kwata cikin rijiya zai gangara. Siminti kawai ake so, da murfi.

Jama'a, ku zo ku ga neman takalmi!

Wannan ya ce Allah ya hore, wancan ya ce ai aikin gwamnati ne. Hula ta dawo wayam.

Ya sake tashi, ya kuma tashi, har aka fara ce masa Sarkin Rijiya. Bawan Allah ya gaji ya yi shiru.

Damina ta zo, amai da gudawa ya shigo gida-gida.

Kullum Malam na tsaye da hula. Yau ɗan wane, gobe matar wane, kowa sai an yi masa ƙarin ruwa. Kuma wallahi hular cika take yi, don mutanen nan ba marowata ba ne. Da zarar an ce mutum na kwance, har mai facin keke zai zazzage aljihunsa.

Sai abin ya faɗo kan Zulai, matar Malam.

Kunya ta hana shi roƙa wa kansa, liman ne ya sanar. Wani attajiri, Alhaji Sambo, ya ɗauke kusan rabin kuɗin maganin shi kaɗai, aka yi ta sa masa albarka.

Zulai ta sha da ƙyar. Ranar da za a sallame ta, malamar asibiti ta ja Malam gefe ta ce in baiwar Allahn nan ta koma wa ruwan da ya kawo ta, jikinta ba zai ɗauki karo na biyu ba.

Washegari ya miƙe bayan La'asar, ƙafafunsa duk sun kumbura don zaryar asibiti. Ya sake kawo maganar rijiya.

Alhaji Sambo ya juyo, da takalminsa a hannu.

"Malam, ba an sallamo iyalin ba?"

"An sallamo ta, Alhaji."

"To alhamdulillahi! Kuɗin mene ne kuma?"

Malam ya dubi cikin hularsa. Kafin ya ɗago, masallaci ya watse.

Ya mayar da hularsa kai, ya taka a hankali zuwa gida. Gajiya ce irin wadda barci ba ya maganinta.

Yana yin sallama, Zulai ta ɗago daga kan tabarma, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, ɗan ba ni ruwa."

Ya ɗauki moɗa ya buɗe randa. Ruwan rijiyar nan ne dai, ba su da wani.

Ya rufe randar, sannan ya ce ta ɗan yi haƙuri ya hura wuta ya tafasa.

Darasi: Hannunmu ba ya buɗewa sai mun ga mutum a kwance. Abin da unguwar nan ta kashe a asibiti ya isa gyara rijiyar har a yi canji, amma gyaran rijiya ba wanda zai tsaya ya sa maka albarka a gaban jama'a. Kuɗin rigakafi ma sadaka ne, ko da ba ka ga fuskar wanda ka ceta ba.

In akwai mai irin wannan hula a masallacinku, tura masa wannan. Ka tura wa masu saurin neman takalmi ma.