Kumandan Ya Zo da Goro

Har in ajiye alli ba zan manta da wata Talata a Dapaong ba, ranar da ɗalibaina suka kusa raba ni da aiki saboda tsabar tarbiyya.

Ga waɗanda ba malamai ba, sabon malami a wurinmu ba ya zama cikakken ma'aikaci sai ensfekta ya zo ya zauna a bayan aji, ya kalli darasinsa, ya ba shi maki. In ya faɗi, sai ya jira wata shekara. Ni kuwa na zo da makamina daga Sokodé, inda na fara koyar da tarihi: a mai da aji kotu, a gurfanar da wani na zamanin da. Yaran Sokodé sun so abin har sai da na riƙa raba faɗa. Don haka na shiga shirin da gadara.

Wanda za a tuhuma shi ne kumandan, wato Baturen mulki na zamanin Jamus, mai aikin tilas da bulala ashirin da biyar. Na ba Salisu wannan matsayi, ɗan wani dillalin shanu, yaro mai bakin da zai sayar maka da akuyarka. Musa ne mai gabatar da ƙara, Lare alƙali. Wata yarinya daga ƙauyen Nano, Damigu, wadda ban taɓa jin muryarta ba, na sa ta shaida don kawai kada ta zauna haka nan. Sati biyu muna shiri.

Ranar ta zo. Ensfekta, dattijo marar fara'a, ya zauna ya buɗe biro. Lare ya buga tebur ya ce a karanto tuhuma. Musa ya miƙe yana murmushi.

"Mai shari'a, maganan ya ƙare. Mun shirya."

Na ce, "Kun shirya me?"

"Malam, jiya kumandan ya zo gidanmu da kawunsa, sun kawo goro, ya durƙusa ya ba da haƙuri. Babana ya ce mutum ya zo har gida, ba a kai shi gaban alƙali kuma."

Ashe Salisu ya ba ubansa labari, uban ya ce a unguwarsu ta zango ba a barin magana ta kai kotu alhali akwai manya a unguwa. Sai ga Salisu, da hular kwali a kansa, ya fito da ƙullin ganye yana raba goro layi-layi. Har ensfekta ya miƙa wa. Darasin awa guda ya mutu a minti biyar, ni kuma ina tsaye da alli ina lissafin shekarar da zan sake jira. Wallahi na ji kamar in yanke wa kumandan hukuncin da hannuna.

Da ya iso kan Damigu, sai ta ɓoye hannunta a baya.

"Ni ba na karɓa. Ba a zo gidanmu ba."

Ta ce kakarta ta gaya mata an ɗauki kakan kakansu ya yi dakon kaya a ka zuwa kudu, bai dawo ba, har yau ba su san inda aka binne shi ba. Ta juya ga Musa ta ce, "Wa ya aike ka ka yafe mana?"

Nan kotu ta tashi da gaske. Salisu ya kawo hujjar hanyoyi da itatuwan da aka dasa, Damigu ta tambaye shi wa ya haƙa ramukan. Yaran da ban ba kowane matsayi ba suka riƙa ɗaga hannu da labaran gidajensu, har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa. Lare ya yanke wa kumandan ban ruwan itatuwan makaranta na kwana ashirin da biyar. Salisu ya nemi ragi zuwa goma, kamar mai ciniki a kara, kasuwar shanu, aka hana shi.

A ofishin darakta, shugaban makarantar, ensfekta ya dube ni ya ce, "Malam, ka ci. Amma ka sani ba kai ka yi darasin nan ba." Ya fita yana tauna goronsa.

Abin da na koya shi ne yara ba sa barin gidajensu a bakin ƙofar aji, da su suke shigowa, kuma wani tarihin yana wurin wadda ka ajiye a benci na baya. Tun daga ranar, kafin in buɗe kowace kotu nakan ce su je su tambayi kakanninsu tukuna. Ina kuma ƙara musu da doka guda: ban da sulhu kafin Talata.