Faifan da Aka Wanke da Kananzir

Yayan mijina shi ne wanda duk dangi suka sani da kiɗan jaz. In aka ambaci jaz a taron surukaina sai kowa ya waiga wajensa, shi kuma ya gyara hula ya yi gyaran murya kamar shi ya haifi abin. Ya yi aikin ofis a matatar mai har ya yi ritaya. Ya taɓa zuwa kwas na wata uku a Turai, daga can ya dawo da akwati cike da faifan garmaho, da wani irin kallo da yake yi wa mutane ta saman gilashi. Faifan sun ƙaru har sun cika sif biyu a falonsa na Rido. Kallon kuwa har yau bai sauke shi ba.

Ni malamar firamare ce, ba abin da ya haɗa ni da kiɗan Turawa. Babanmu ne ya kai ni gabansa.

Baba tsohon direba ne a wata masaƙa a Kakuri, shekara ashirin yana tuƙa manajanta. Hawan jini ya kayar da shi a tsakar gidanmu na Unguwar Mu'azu, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Ko sunana ba ya iya kira. Abu ɗaya ya rage masa: wani gajeren sauti da yake yi ta hanci, yana buga katifa da yatsun hagu. Kullum shi ɗin ne, yana kai wani wuri sai ya tsaya, ya ɓata fuska, ya sake ɗaukowa daga farko. Inna ta ce kiɗan motar manaja ne, irin marar waƙa ɗin nan, da shi Baba yake shigowa gida a baki lokacin muna ƙanana. Matar da ke zuwa gasa masa jiki ta ce in nemo kiɗan in kunna masa, wani lokaci irin haka yana janyo harshe. Ba ta yi min alkawari ba. Amma ni wata huɗu ina jiran bakin nan ya buɗe, sai na riƙe maganar da hannu biyu.

Na ɗauki sautin a waya. Mijina ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, Yaya na nan.

Falon Yaya warin kananzir yake yi, na ɗauka iskar unguwar ce, tunda a gindin matatar take. Faifan suna jere a bayan gilashi kamar kwanukan amarya, makullin sif ɗin yana aljihunsa. Na gaishe shi har ƙasa, na faɗi abin da ke tafe da ni, na kunna masa muryar Baba. Ko rabi ba ta kai ba ya ɗaga min hannu.

"Ƙanwata, ba haka ake shiga jaz ba," in ji shi. "Ba a faɗa masa ta taga. Mataki-mataki ne."

Na ce, "Yaya, ni ba shiga nake son yi ba. Kiɗa ɗaya nake nema."

"To ta yaya za ki gane shi in kunnenki bai yi makaranta ba? Shi ma Baban, kin san direba, abin da ya tsinta daga kujerar gaba ne. Ba lallai ya riƙe daidai ba."

Wallahi na ji maganar nan har cikin haƙorina. Na haɗiye, don mai nema ba ya fushi. Ya jawo takarda mai tambarin tsohon ofishinsa, ya cire murfin biro a hankali, ya rubuta min manhaja guda, ni da nake rubuta wa 'yan aji uku. Sunayen mutanen da ya jera ba zan kawo su nan ba, ba su yi min laifin da zan haɗa su da shi a takarda ɗaya ba. Mataki na farko manyan ƙungiyoyi, masu busa sahu-sahu, sati biyu. Na biyu mata mawaƙa, sati biyu. Na uku masu fiyano, mutum uku-uku. Na huɗu masu busa saksafon, irin waɗanda ke gudu kamar an biyo su, ya ce wannan sai in ya ga na nuna. Kowane suna ya ja masa layi, ya faɗe shi da hanci, ya sa na maimaita. Na ce ko zai ara min faifai ɗaya. Ya yi dariya ya ce waɗannan ba a fita da su, in nema a waya kamar sauran jama'a.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne na bi. Ni da hankalina, na bi takardar nan sati biyar. In na taso daga makaranta sai in hau Keke zuwa gidanmu, in zauna a gefen katifar Baba, in kunna abin da ke kan layi. Ba zan yi ƙarya ba, wasu sun shiga raina. Akwai wata mata mai murya kamar ta tashi daga barci, na yi ta maimaita ta ina wanke-wanke. Masu fiyanon ma ba laifi, musamman in mai ƙaton gurmin nan na tsaye ya samu fili shi kaɗai. Amma Baba ba ɗaya da ya kula. Manyan ƙungiyoyin suna farawa yake juya fuska bango. Nasa sautin kuma yana ta gajarcewa. Da yana kaiwa wurin da yake tsayawa, sai ya koma rabi, sai ya koma buga yatsu kawai. Duk ranar Asabar in koma Rido, Yaya ya yi min tambayoyi kamar mai ɗaukar aiki, wane ne ya fi wane, a wace shekara, ya girgiza kai ya ce da saura.

A Asabar ta biyar na ajiye kunya a ƙofa. Na ce masa Baba ya kwana tara bai yi sautin ba, ba ni da sati biyun da zan ba kowa. Tunda manajan nan zamaninsu ɗaya da faifan nan, ya buɗe sif mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ko za a dace. Ya ce wuta ba ta da ƙarfi. Na nuna masa fanka tana gudu. Ya ce allurar garmahon tana da tsada. Matarsa, wadda ta shigo da ruwa, ta ce, "Haba Alhaji, ka kunna mata mana. Ai ɗazu ka gama wanke su."

Na ce, "Wanke su?"

"Duk Asabar da safe," in ji ta, ita da zuciya ɗaya. "Da kananzir da ɗan fetur, da tsohuwar singileti. Ba ya bari kowa ya taya shi."

Mutanen da suka yi rayuwa a gindin matata sun yarda ba dauɗar da kananzir ba ya fitarwa, daga sarƙar keke har kwarkwata. Ashe Yaya ya ji an ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, ya ɗauka har da faifai. Ba yadda zai yi, ya buɗe. Ya zaro na farko da yatsu biyu yana min bayanin bangonsa. Faifan yana ta ƙyalli, ga maiƙo. Ya ɗora, ya sauke allura. Abin da ya fito ƙarar suyar ƙosai ce, can ƙasa wani abu yana nishi, sai allurar ta zame ta tafi tsakiya. Ya sa na biyu, haka. Na uku ma allurar ta kwaso baƙin danƙo a bakinta. Mun gwada bakwai. Ya ce allura ce, ya ce danshin damina ne, ya ce dama kunnen da bai saba ba ba zai ji zurfin abin ba.

Na tambaye shi yaushe rabon da ya kunna ɗaya. Matar ce ta amsa, ta ce ita dai tun da suka tare a gidan ba ta taɓa ji ba. Autarsu a gidan aka haife ta, tana jami'a yanzu.

Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. Shekara ashirin mutum yana goge abin da ya kashe da hannunsa, yana raba wa mutane mataki. Na ɗauki jakata na fito. Takardarsa na bar ta a kan kujera, ya aiko min da ita washegari ta hannun mijina.

Inna ce ta tuna da wani. Ta ce akwai mai gyaran wutar masaƙa, mutumin kudancin jiha, abokin Baba na cin abincin rana, yana busa ƙaho a cocinsu. Da a bayan layinmu yake, tun da rikici ya raba gari kowa ya koma cikin nasa ya tashi zuwa Romi, ba su sake haɗuwa ba. Na yi tambaya a coci uku kafin a nuna min gidan. Na same shi a gindin mangwaro yana gyara tsohuwar fanka, tsoho siriri, haƙoran gaba biyu babu. Da na faɗi ko 'yar wace ce ni sai ya ajiye sukundireba ya daɗe yana kallona.

Na kunna masa wayar. Shi ya saurara har ƙarshe. Inda Baba ya tsaya, nan ya ɗauka da bakinsa ya ƙarasa, kamar wanda aka miƙa wa tulu.

Na ce wa tsohon, "Baba, mene ne sunan kiɗan? Wa ya yi shi?"

"'Yata, wa ya sani? Kaset ne fari, ba rubutu. In manaja ya shiga cin abinci sai mu shige motar ni da babanki, mu rufe gilashi, mu ci rogo muna ji. Shekara nawa muna haka. Ni na koye shi a ƙaho, shi yana buga min sitiyari."

Na ba shi labarin matakai huɗu. Bai yi dariya sosai ba. Ya ce shi abin da ya sani, in mutum sabon shiga ne ya ji duk abin da ya samu, wanda ya motsa masa ƙafa ya sake ji har ya iya bin sa da baki, sannan ya tambayi wa ya busa, ya bi mutumin duk inda ya shiga. Ya ce ran Lahadi in an taso coci zai zo.

Ya zo bayan la'asar da ƙahon a cikin jakar buhu, duk ya lotsa, an ɗaure wani wuri da waya. Mijina, Allah ya shirye shi, ya gaya wa Yaya, sai ga shi ya riga kowa zuwa da babbar riga, wai ya zo duba Baba. Maƙwabta suna leƙe ta katanga. Inna ta ce a bar su su leƙa.

Tsofaffin biyu sun daɗe suna kallon juna. Mai ƙahon ya kama hannun hagun Baba ya ce, "Direba, ka kwanta ka bar ni da tafiyar ƙasa." Sannan ya zauna a kan turmi a bakin ƙofa ya fara.

Ba busa mai kyau ba ce, in faɗi gaskiya. Iska tana zurarewa ta gurbin haƙoran, numfashi yana yanke masa, sau biyu yana tsayawa ya yi tari. Amma shi ne. Sautin da na kwana da shi na tashi da shi wata biyar, ga shi da ƙafafunsa, har da sauran da ban taɓa ji ba. Ban kalli kowa ba sai hannun Baba. Da farko ba komai. Da aka zagayo na biyu ɗan ali ya ɗaga ya sauka. Sai na tsakiya. Sai duk hannun ya kama buga katifa, daidai, ba kuskure, yana ba ƙahon hanya. Inna ta sa mayafi a baki.

Nan Yaya ya ga an yi minti uku ba a ji shi ba.

"To, ka ga wannan," ya ce wa mijina, da muryar da ta isa zaure, "ba za a kira shi jaz na asali ba. In ka lura da yadda yake jan numfashi, su can ba haka suke yi ba. Akwai wani faifai da nake da shi..."

Baba ya juyo da kai. Na ga bakinsa yana kokawa, gefen da ya mutu yana jan mai rai. Na matso har gwiwata ta taɓa katifa, don na san me nake jira, wata biyar na san da wane suna zai fara.

"Yi shiru," in ji Baba.

Ya fito sarai, kowa ya ji. Yaya ya yi shiru. Mai ƙahon bai tsaya ba, ya busa har ƙarshe, ya sake zagayowa sau ɗaya, Baba yana buga masa.

Kwana goma sha ɗaya Baba ya ƙara. Na zauna da shi kullum, na kira shi, na faɗa masa sunana a kunne ko zai maimaita. Bai sake cewa komai ba.

A zaman makoki na ji Yaya daga rumfar maza yana gaya wa mutane cewa da kiɗa aka samu bakin marigayi ya buɗe, kuma shi ya tsara yadda za a bi. Ban musa ba, ai da gaskiyarsa, shi ya buɗe shi. Kalma biyu suka rage wa ubana a duniya, ina durƙushe a gabansa, kuma a kan wannan mutumin suka ƙare.