Karen da Ya Ƙi Kallon Kyamara

Ni dai tun ina yaro ba na shiri da kare. A unguwarmu a Zariya, in ka hango kare sai ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, shi ma ya san abin da ake nufi, kowa ya kama gabansa. Amma sai ga ni a birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, a shekara ta biyu da fara digirina na uku, ina durƙuso gaban karnuka duk safiyar Asabar ina lallashinsu.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta ja mini, maƙwabciyarmu a McLeansville, wani ƙauye a gefen birnin. Ta gan ni da kyamara a wuya ina ɗaukar hoton gonar taba, sai ta ce tana aikin sa kai a gidan da ake tara karnuka da kyanwowin da ba su da masu su, kuma suna neman mai hoto. Ana manna hotunan a allon kantin cefane, wanda ya ga dabbar da ta kwanta masa a rai sai ya je ya ɗauka. Na so in ce a'a, to amma tsohuwar nan ita ke kai matata asibiti in ina makaranta. Da wane bakin zan ƙi?

Babana mai hoto ne, a shagonsa na tashi, kuma a wurinmu ba a ɗaukar mutum haka kawai kamar ɓarawon da aka kama. Sai an rataya labule, an ajiye fure. Da na ga irin hotunan da suke mannawa, dabba a bayan wayar keji ido jajir, na ce haba, wa zai kai wannan gidansa? Asabar ta gaba na zo da furen roba da zanen atamfar matata, ba da saninta ba. Ma'aikatan suka yi ta dariya, har da mai riƙe ciki. Dariyar ta tsaya da mutane suka fara zuwa suna nuna hoto suna cewa wannan ta jikin furen suke so. A gida kuwa na sha faɗa, domin gashin dabba ba ya barin atamfa da wanki ɗaya. Na yi ta cewa kyanwowi ne kaɗai suka hau zanen, wanda kusan gaskiya ne.

Kare ɗaya ne ya gagare ni. Siriri ne, ja-ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, an tsinto shi a bakin titi wajen Pleasant Garden. Da ya ji motsin mutum sai ya cusa kai a lungun keji ya ba ka baya. Fim guda na ƙarar a kansa, da aka wanko kuwa bindi ne daga farko har ƙarshe. Ina cikin masifa kan asarar fim tsohuwar ta ja ni gefe, ta ce wurin ya cika, kuma duk wanda ya daɗe ba a ɗauka ba allura ake yi masa ya mutu. Shi saura mako biyu. Wallahi sai tausayinsa ya kama ni, ni da ko taɓa shi ban taɓa yi ba.

Na lura da yadda suke yi masa: mutum uku su tare ƙofar keji, su zura masa ido, suna ƙanƙantar da murya kamar masu wasa da jariri. Na ce wannan ai ko ni ne sai in ɓuya. Babana in aka kawo masa tsohuwar ƙauye mai rufe fuska da mayafi, ba ya kallonta sam. Sai ya zauna a karkace yana goge gilashi, ya yi ta gaishe ta har ta manta da abin da ya kawo ta.

Na sa kowa ya fita. Na kife bokiti na zauna a karkace, kyamara a gwiwa, idona a bango, na shiga gaishe da karen.

“Malam, ina kwana? Ina gajiya? Yaya baƙunta? Yaya muka ji da sanyin nan? To madalla.”

Ni ke tambaya, ni ke amsawa. Na zagayo gaisuwar sau uku, har damina da amfanin gona sai da na tambaye shi. Can sai na ji hanci mai sanyi a idon sawuna. Na daskare, raina yana ce mini tashi ka gudu, amma na danna kyamara ba tare da na duba ba. Hoton ya fito yana kallon sama, da kunnen nan nasa, abin tausayi abin dariya.

Wasu mata da miji daga Sedgefield suka ga hoton suka ɗauke shi. Na yi ta fankama, har na rubuta wa babana wasiƙa. Kwana biyar suka dawo da shi, wai ya shige ƙarƙashin gado, ya ƙi fitowa, ya ƙi ci. Tsohuwar ta gaya mini Litinin ce ranarsa. Ran Asabar na sa hannu a takarda na jefa shi a mota, ban shawarci kowa ba. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, shi kuma yana ƙunshe a ƙarƙashin kujera.

Na tarar da matata tana shanya a tsakar gida. Ta leƙa motar, ta ja da baya.

“Malam, mene ne wannan?”

“Gadi zai riƙa yi mana.”

“Gadi? Wannan mai karkarwar? Ai sai dai mu yi gadinsa. A gidan da nake salla za ka kawo mini kare? Mayar da shi tun muna shaida juna.”

“A waje zai zauna. In na mayar da shi, jibi za su yi masa allura su kashe shi.”

“Ciwo gare shi? Ko cizo yake yi?”

“Lafiyarsa lau. Tsoron mutane yake ji, ba ya iya fitowa.”

Ta rataya rigata jiƙaƙƙiya a igiya. Ta sake leƙawa, wannan karon ta daɗe.

“Don ya ƙi fitowa kawai?” in ji ta. “Ni da ka kawo ni ƙasar nan, wata huɗu na yi ban taka ƙofar gida ba. Kana fita makaranta zan zauna a bayan labule in yi ta kuka. Wa ya yi mini allura?”

Ban taɓa sanin ta yi kukan nan ba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

“Tsayuwar me kake yi?” ta ce. “Fito da shi ka kai shi gindin bishiyar can, akwai sauran tuwon jiya. Kuma kada ka shigo mini ɗaki sai ka canza wandon nan.”