Layin Farko a Takardar Ɗiyata

Ni mutum ne mai yawan tambaya, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin awon filaye, na ajiye aikin, amma halin bin diddigi ya ƙi barina. In aka kawo sabon injin markaɗe unguwarmu ta Boukoki, sai na je na tsaya a kan mai shi har ya buɗe mini cikinsa na leƙa. Uwar yara takan ce ko likita ne ya rubuta mini magani, sai na tambaye shi wa ya koya masa. Mutum ɗaya ce a duniya ban taɓa tsarewa da tambaya ba, ita ce ɗiyata ta fari.

Haka muka taso a Damagaram. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna wa mutane an damu da lamarinsa. Da muka dawo Yamai mun bar abubuwa da yawa a gida, amma wannan kunyar mun zo da ita. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani, babu wanda nake so kamarta. Sai dai in ina son ta yi abu, ba na fuskantarta. Nakan faɗa wa iska, ko in yaba wa ɗiyar maƙwabci a kan abin, in ci gaba da cin tuwona. Washegari sai in tarar an yi. Tun tana ƙarama ta ƙware wajen jin abin da ban faɗa ba, har ina alfahari da hakan a raina. Hirarta ta gaske kuwa tana wurin ƙanwata, goggonta, da ke zaune a Kirkissoye, ƙetaren kogi. Can take yin kowane hutu.

Shekarar da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta ci shi da kyau, na ji a bakin uwarta cewa makarantar injiniyoyi za ta nema. Akwai takardar da ake cikawa, layi uku ne, ɗalibi ya jera fannonin da yake so. Wanda makinsa ya yi kyau, layin farko ake ba shi, sauran biyun ado ne kawai. Ban ga tata takardar ba, ban kuma nemi gani ba.

Ta wasu yara na gani. Wata safiya na je Zongo yin fotokopi, na tarar da shagon cike da ɗalibai, kowa da dosiyen takardunsa a hammata. Ina cikin layi, idona ya ƙi zama wuri ɗaya. Na leƙa takardar na gabana, a layin farko ya rubuta haruffa biyu, IA. Na leƙa ta yarinyar da ke gefensa, IA. Na uku ma haka. A zamaninmu injiniya ko dai na gini ne, ko na lantarki, ko na ma'adinai, kowanne ka san abin da yake taɓawa da hannunsa. Na kasa haƙuri.

"Samari, wannan IA ɗin da kuka taru a kansa, mene ne?"

Na gabana ya juyo da ladabi. "Tonto, basirar na'ura ce. Ana koya wa ordinater, wato kwamfuta, ta yi tunani."

"Tunanin me?"

"Kowane iri."

"To kai me kake so ta tuna maka?"

Yaron ya sosa ƙeya, sauran suka fashe da dariya. Yarinyar ta ce ita ta ji masu wannan karatu daga ɗakinsu suke aiki, ba rana ba ƙura. Wani dogo ya ce duk ajinsu shi suka sa, shi kuwa ba zai zama saniyar ware ba. Ɗaya ne kawai, mai tabarau, ya ce yana son ya haɗa abin da zai dubi hoton ganyen gero ya faɗi cutar da ta kama shi. Mai shagon ta ce mini tun da aka fara bana, in ta ga takardar da ba IA a sama, har sake dubawa take yi ko ta juya ta ne. Na fito na manta da nawa takardun a kan injinta.

Daga ranar abin ya shiga kaina. Na kai shi fadarmu, inda mu tsofaffi muke shan shayi bayan la'asar. Akwai wani tsohon malamin lissafi, mutumin Tawa, ya ce, "Wanga abu lissahi na, ba aljani ba. An ba na'ura misali dubu, ta koyi kwaikwayo." Alhajin da ke sayar da siminti, mutumin Maraɗi, ya ce shi bai yarda da injiniyan da ba ya sa hular kwano ba. Na sa ƙaramar ɗiyata ta saka mini abin a waya, na zauna ina yi masa jarrabawa. Na ba shi lissafin fili mai kusurwa biyar, ya ba ni amsa kafin in ɗora tabarau, kuma daidai. Na tambaye shi unguwannin Damagaram, ya lissafo mini har da wadda ba a taɓa yi ba, ba ko kunya. Wannan ya ƙara ɗaure mini kai. Yaya abu zai san wancan ya jahilci wannan, kuma muryarsa ɗaya a duka biyun?

Mako uku ba ni da zance a gida sai shi. Ana cin abinci ina IA, ana shara ina IA. Na tuna wani dare bayan magariba, muna tsakar gida, na ce, "Yaran da suka zaɓi abin nan, sun ga inda duniya ta dosa." Ɗiyata ta fari tana can gefe tana tsince shinkafa. Na ga hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ban kawo komai a raina ba.

A fada kuma Alhajin siminti ya tambaye ni, "To ɗiyar taka fa, ita ma can ta nufa?" Maganar ɗiyar fari ce a gaban mutane, so nake a wuce ta da sauri. Na ce, "Haka dai nake gani," na miƙa hannu na karɓi shayi. Bayan kwana biyu matarsa ta shigo gidanmu tana yi wa uwar yara barka, wai ta ji za a yi injiniyar zamani a gidan. Yarinyar ce ta kawo mata ruwa.

Wata ranar Talata da hantsi ƙanwata ta faɗo gidan, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta ajiye wata jaka a gabana.

"Yaya, me yarinyar nan ta yi maka?"

"Wace yarinya?"

"Ka san wadda nake nufi. Buɗe ka gani."

Littattafan makaranta ne guda huɗu, sun tsufa. Na buɗe na farko. Zane ne na bakin kogi, da gidajen Kirkissoye, da layuka masu nuna inda ruwa ya kai. Kowane shafi da kwanan wata da tsawon ruwa. Ƙanwata ta ce tun shekarar da ambaliya ta ci katangar gidanta, yarinyar ta kafa sanda a bayan gida ta yi mata tsaga-tsaga, duk hutu sai ta je ta auna ta rubuta. In ba ta nan, goggon take sa wa ta duba mata. A littafi na uku ta fara zana madatsa, da hanyar da ruwa zai bi ya koma kogi ba tare da ya shiga unguwa ba. Na san aikin awo in na gan shi. Ma'auninta daidai yake, kibiyar arewa tana inda ya kamata, ba wanda ya koya mata. Shekara biyar tana wannan a ƙetaren gada, ni da nake leƙa cikin injin markaɗen mutane ban sani ba.

"Injiniyar ruwa take so ta zama," in ji ƙanwata. "Shi ta rubuta a layin farko, da fensir, a gabana. Jiya ta zo ta ce mini ta goge, ta sa naka, ta kai musu."

"Nawa? Ni ina da wani fanni ne?"

"Yaya, mako uku kana faɗa. Har ka gaya wa mutane a fada. Da wane baki kuma kake so ka faɗa mata?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin ta ɗan fari ba, ta wanda ya yi ɓarna. Ƙanwata ta ce ta tambaya, ana iya gyara takarda har zuwa Alhamis da azahar.

Laraba da safe na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, na aika a kira ta. Uwarta ta shige ɗaki ta ja labule. Yarinyar ta zo ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa. Ni ma tabarmar nake kallo.

"Na ga littattafanki," na ce. "Aiki ne mai kyau. Gobe za mu je ki maida ruwa layin farko."

"Baba, ai an riga an kai."

"Ana gyarawa. Ki saurare ni. Ni ban zaɓa miki komai ba. Abin ne ya ba ni mamaki, nake son in san yadda yake. Kin san halina."

Ta ce a hankali, "Na sani Baba kara yake mini. Goggo ce ta zo ta yi magana."

"Ba kara ba ce. Gaskiya nake gaya miki."

"To, Baba."

Na san wannan "to" ɗin, ni na koya mata shi. Shekara goma sha tara ina nuna mata cewa abin da nake so ba ya fitowa kai tsaye, yanzu na zo kai tsaye ina so ta yarda. Duk abin da na ƙara, sai ya zama ƙarin shaida a wurinta cewa ina danne son raina ne saboda ita. Na rantse mata. Ta ce, "Allah ya huci zuciyar Baba."

Alhamis muka shiga taksi tare, ni a gaba ita a baya. A makarantar na tsaya a inuwa bakin ofis, ta shiga da bik na rubutu a hannu. Ta daɗe. Da ta fito na kasa jira mu isa titi.

"Kin gyara?"

"Na karanta ta tun daga sama har ƙasa, Baba. Ba kuskure a ciki."

Na buɗe baki, sai na ga idonta ya cika, tana murmushi don kada in gani. Da na matsa, da ta koma ta canza, amma don na matsa ne, ba don ta yarda ba. Na tsaya ina wannan lissafin har azahar ta yi aka rufe tagar ofis.

Da sunaye suka fito, nata yana cikin na sama a IA. Yanzu tana shekara ta biyu, malamanta suna yabonta, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ranar da labarin ya iso fada, Alhajin siminti ya sa aka sayo tsire, malamin lissafi ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Kai ka iya tarbiyya, ɗiya ta bi zaɓin ubanta." Kowa ya ce amin ga addu'ar da aka yi. Ni ma na ce amin, na karɓi barka ɗaya bayan ɗaya, ina sane da cewa na raba ɗiyata da abin da take so, a kan abin da ni ban ma taɓa so ba.