Rumbun da Ba Mu Raɗa wa Suna Ba

Shekarun baya, lokacin da buɗe hoto ɗaya a intanet sai ka sha shayi ka dawo, ni da abokina muna kula da wata tsohuwar kwamfuta a wani kafen intanet a Samaru. A cikinta muke tara manhajojin kyauta, ɗalibai su zo su kwafa a faifai. Mun kira wurin rumbu.

Akwai wasu manhajoji, irin na kunna waƙa da fim, da doka ba ta fito fili a kansu ba. Wata ƙasar ta yarda, wata ta hana, tamu kuwa ba mu san matsayarta ba. Sai muka ware musu nasu rumbun. Saura suna.

Ana cikin haka abokina ya samu aiki a Legas. Ya ce, "Ba inda za ni sai mun yi sunan jaririn nan."

Kai, ashe ya ba ni makami! Ya ce a sa "Haram", na ce wa zai taɓa? Ya ce "Halal", na ce ƙarya za mu yi wa mutane? Ya kawo "Shubuha", shi da yake Kirista, yana dariya wai a bakina ya koya. Wallahi ya dace, amma na murtuke fuska na ce ya yi kama da wa'azi.

Ya kalle ni ya ce, "Malam, ko daga sama aka sauko da suna sai ka ƙi. Tafiyata ce ba ka so."

Na ce sharri ne. Ba sharri ba ne.

Da masu kafen suka matsa a sa suna, ya zauna ya rubuta "wucin-gadi". Ranar tafiyarsa, a tashar Sabon Gari, ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Bar shi haka. In na zo Kirsimeti za mu yi suna, har da rago."

Daga Legas ya wuce ƙasar waje. Saƙonni suka yi ta raguwa har suka ɗauke, ba faɗa ba komai. Ɗalibai kuwa suka saba, sai ka ji ana cewa, "A kwafa min daga wucin-gadi."

Yau kafen ya zama shagon waya. Ina kewarsa ƙwarai, ba na ɓoyewa. Da zai kira ni yanzu, duk sunan da ya faɗa, kafin ya rufe baki zan ce na yarda.